Wa Ke Sama da Wa? Fashin Baƙi Kan Turancin Tsarin Kamfani da Muƙaman Aiki

A kusan kowace haɗuwar kasuwanci da ake yi da Turanci, da an gama gaisuwa tambayar da ke biyowa ita ce "What do you do?" Ba tambayarka ake yi abin da kake yi a wannan lokacin ba, wannan ita ce "What are you doing?" Sana'arka ake tambaya. Da yawa daga cikin masu koyo sukan amsa da "I am a manager" su yi shiru, suna ganin sun sauke nauyi. Alhali wanda ya yi tambayar bai ƙaru da komai ba, domin a manyan kamfanoni akwai manaja mai mutum ɗari a ƙarƙashinsa, akwai kuma manajan da ko mutum ɗaya ba ya aike. Abin da mai tambaya ke son ji shi ne inda kake aiki, ɓangaren da kake, da abin da aka damƙa a hannunka, don ya san ko kai ne wanda zai yi maganar da ta kawo shi da shi.

Yawancin darussan Turancin kasuwanci da zanen tsarin kamfani suke farawa: akwati a sama, akwatuna a ƙasa, kowanne da sunan muƙami. Ɗalibi ya haddace CEO da CFO da COO, ya ci jarrabawa. Ban raina wannan ba, amma a ganina an fara ne daga ɓangaren da ya fi kowanne rashin tabbas. In ka cire 'yan kaɗan da doka ta tanada, sunayen muƙamai kowane kamfani raɗa wa mutanensa yake yi yadda ya ga dama, kuma suna ɗaya kan sauya ma'ana tsakanin Landan da New York. Abin da ba ya sauyawa shi ne 'yan kalmomin da ke nuna dangantaka: wa ya mallaka, wa ke naɗawa, wa ke kai wa wa rahoto, wa ke sa hannu. Wanda ya riƙe waɗannan zai iya gane tsarin kamfanin da bai taɓa jin sunansa ba cikin hira ɗaya.

A fara daga sama. Kamfani mai hannayen jari hawa uku ne. Akwai masu hannun jari, "shareholders", waɗanda a Amurka ake kuma ce wa "stockholders". Su ne ke zaɓar daraktoci a babban taron shekara-shekara da ake taƙaita sunansa da AGM. Daraktocin nan su ne hukumar gudanarwa, "the board of directors", ko a taƙaice "the board". Hukumar ce ke naɗa babban shugaban zartarwa, wato CEO, ita ce kuma ke iya sauke shi. Shi kuma CEO ya jagoranci manyan jami'an da ke tafiyar da aikin yau da kullum. Saboda haka jimla uku ce ginshiƙin komai: "The shareholders elect the board. The board appoints the CEO. The CEO reports to the board." Kamfanin kuma a idon doka mutum ne mai zaman kansa, daban da masu shi. Shari'ar Salomon da kotun ƙoli ta Majalisar Dattawan Birtaniya ta yanke a 1896 ce ta kafa wannan ƙa'ida daram, shi ya sa a takardun yarjejeniya za ka ga ana cewa kamfani ya amince, kamfani ya ɗauki alkawari, ba mai kamfani ba.

Shugaban hukumar daraktoci shi ne "chairman", ko da yake yanzu an fi cewa "chair" kawai don ya game mace da namiji. A Birtaniya, tun bayan rahoton kwamitin Cadbury na 1992, an fi son a raba kujerar shugaban hukuma da ta CEO, kada mutum ɗaya ya zama mai aiki kuma mai duba aikin kansa. A Amurka haɗa su ba abin mamaki ba ne: Satya Nadella ya zama CEO na Microsoft a 2014, sannan a 2021 aka ƙara masa da shugabancin hukumar. A Jamus kuwa manyan kamfanonin hannun jari hukuma biyu gare su, ɗaya mai zartarwa, ɗaya mai sa ido, kuma a ƙarƙashin dokar 1976 kamfanin da ma'aikatansa suka haura 2,000 wakilan ma'aikata ne ke riƙe da rabin kujerun hukumar sa idon. Don haka in Bajamushe ya ce maka "the board has approved it", ba laifi ka tambaye shi a hankali: "The management board or the supervisory board?"

Kalmar da ta fi rikita mutane ita ce "director". A Birtaniya, darakta a ma'anar doka mamba ne na hukuma, sunansa na cikin rajistar gwamnati, kuma dokar kamfanoni ta 2006 ta ɗora masa nauye-nauye da za a iya gurfanar da shi a kansu. Amma a Birtaniyar dai za ka samu wani na ɗauke da katin da aka rubuta "Sales Director" alhali bai taɓa zama a hukuma ba. A kamfanonin Amurka kuwa "director" galibi matsayi ne na tsakiya, sama da manaja, ƙasa da "vice president". Sai kuma "non-executive director", wanda ke zama a hukuma amma ba ma'aikacin kamfanin ba ne, ba shi da ofis a can kullum, yana zuwa taro ne ya sa ido ya ba da shawara. To ta yaya za ka san wanne ne ke gabanka? Ba daga katinsa ba. Tambaya guda ce: "Do you sit on the board?" Turawa "zama" suke yi a kan hukuma, da "sit on" ko "be on", ba "in" ba.

Haka abin yake da "vice president". Kunnen da ya saba da siyasa zai ɗauka mutum na biyu ne a kamfani. A wasu kamfanonin hakan ya kusa zama gaskiya, musamman in an ƙara "executive" ko "senior" a gaba. A manyan bankunan zuba jari kuwa muƙami ne da mutum kan kai bayan 'yan shekaru da fara aiki. A watan Maris na 2012, lokacin da wani ma'aikacin Goldman Sachs mai suna Greg Smith ya bayyana murabus ɗinsa a jaridar New York Times yana sukar bankin, muƙaminsa a Landan "executive director" ne, wanda ya sa jama'a da yawa suka ɗauka wani ƙusa ne ya fice. Sai aka bayyana cewa matsayin nasa daidai yake da na "vice president", kuma masu irinsa a bankin sun kusa 12,000. A bankunan nan "managing director" ma mataki ne da mutane da yawa ke kai, alhali a kamfanin Birtaniya na gargajiya "managing director" shi ne shugaba ɗaya tilo, daidai da CEO. Akwai kuma wanda akan raina bisa kuskure, wato "company secretary". Ba mai buga takardu ba ne. Babban jami'i ne da ke kula da bin doka da harkokin hukumar daraktoci, kuma wajibi ne kowane kamfanin Birtaniya mai sayar wa jama'a hannun jari ya kasance yana da shi. Wanda ya miƙa masa jaka ya riƙe masa ya yi abin kunya.

Manyan jami'an da muƙamansu suka fara da "chief" ba su da wahala. CFO shi ne na kuɗi, COO na tafiyar da ayyuka, CTO na fasaha, kuma a jumlace ana ce musu "the C-suite". Ba kowane kamfani ke da COO ba, amma inda yake akwai sau da yawa shi ake kallo a matsayin magaji. Muƙamin da Tim Cook ke riƙe da shi ke nan a Apple kafin ya zama CEO a 2011. Nauyin CFO kuma ba na suna ba ne kawai: bayan rugujewar kamfanonin Enron da WorldCom na Amurka, dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 ta wajabta wa CEO da CFO na kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Amurka su sa hannu da kansu cewa bayanan kuɗin kamfani gaskiya ne.

Sai batun siffar kamfanin kansa. Haruffan da ke ƙarshen suna suna ba da labari. Ltd a Birtaniya kamfani ne mai iyakantaccen alhaki wanda ba ya tallata hannun jarinsa ga jama'a. Plc kuwa yana iya yi, kuma sai jarinsa ya kai aƙalla fam 50,000. A Amurka akwai Inc. da Corp., akwai kuma LLC, wanda jihar Wyoming ce ta fara yi masa doka a 1977. A Jamus GmbH da AG. Ba dole ka zama lauya ba, amma akwai bambanci ɗaya da bai kamata ya wuce ka ba, wato tsakanin "subsidiary" da "branch". Reshe, "branch", wani ɓangare ne na kamfanin nan dai, bashinsa bashin kamfanin ne. "Subsidiary" kuwa kamfani ne mai rajistarsa, wanda wani kamfanin da ake kira "parent company" ya mallaka. Tun 2015 Google kamfani ne a ƙarƙashin Alphabet. Instagram da WhatsApp kuma na Meta ne, sunan da uwar kamfanin Facebook ta koma amsawa a 2021. Amfanin sanin wannan a aikace yake: in ka ƙulla yarjejeniya da ƙaramin kamfani mai ɗauke da sunan babba, kada ka ɗauka babban ne zai biya ka in abu ya lalace. Shi ya sa gogaggu ke tambaya tun da wuri, "Which entity will be signing the contract?"

A cikin gida kuma, hanyoyin raba aiki ba su da yawa. Wasu kamfanoni bisa nau'in aiki suke rabawa: sashen kuɗi, sashen kula da ma'aikata da ake kira HR, sashen tallace-tallace, sashen sayo kaya, sashen bincike da ƙirƙira. Wasu bisa kaya ko yanki, kowane ɓangare da shugabansa da lissafin ribarsa. Alfred Sloan ne ya shahara da wannan tsari a General Motors a shekarun 1920, inda Chevrolet da Buick da Cadillac kowannensu ke tafiya kamar kamfani mai cin gashin kansa, hedikwata na riƙe da linzamin kuɗi. A irin wannan wuri "division" ta fi "department" girma, kuma "division" ɗaya kan ƙunshi "departments" da yawa. Zanen tsarin kamfani da ake yawan ambata a matsayin na farko a wannan zamani, wanda Daniel McCallum ya tsara wa kamfanin jirgin ƙasa na New York and Erie a 1855, ba mai siffar dala ba ne irin wanda muka saba gani. Siffar bishiya gare shi, daraktoci a saiwa, layukan dogo da ma'aikatansu su ne rassa.

Wanda ya fi ba masu koyo wahala shi ne tsarin da ake kira "matrix", inda mutum ɗaya ke da shugabanni biyu. Akanta a ofishin wata ƙasa na iya kasancewa ƙarƙashin shugaban wannan ƙasa, kuma a lokaci guda yana amsa wa shugaban kuɗi da ke hedikwata. A zane, ɗaya akan haɗa shi da miƙaƙƙen layi, ɗayan da layi mai ɗigo-ɗigo, daga nan maganar ta shigo baki: "I report to the country manager, with a dotted line to the CFO." In ka ji wannan, fahimci cewa na farkon ne ainihin maigidansa, wanda galibi ke auna aikinsa a ƙarshen shekara, na biyun kuwa yana da ta cewa amma ba shi ne wuƙa da nama ba. Kamfanonin da ke cewa tsarinsu "flat" ne, wato matakai kaɗan tsakanin sama da ƙasa, ni dai ina sauraronsu da kunne ɗaya. Matakan kan ragu a takarda, amma har yanzu akwai wanda in bai yarda ba kuɗi ba sa fita.

Yanzu ga kalmomin da na ce su ne abin riƙewa. "Report to" ita ce uwa. Ba kai ƙara take nufi ba, ba kuma rubuta rahoto ba. Tana nufin wane ne shugabanka kai tsaye. "Who do you report to?" tambaya ce ta yau da kullum, babu rashin ladabi a cikinta, ta ma fi "Who is your boss?" laushi. Waɗanda ke ƙarƙashinka kai tsaye su ne "direct reports", shugabanka na kai tsaye kuma a Birtaniya "line manager" ake ce masa. Ka guji "subordinates" a gaban mutane, da "my boys" da makamantansu. "My team" ta wadatar, ko "the people I work with".

Daga nan sai ƙananan kalmomin nan da ke bin aikatau, inda mafi yawan kurakurai suke. Kana aiki "for" kamfani, "in" sashe, "as" muƙami, "with" abokan aiki, "on" wani aiki na musamman. "I work for a shipping company, in procurement, as a buyer." Jimla ɗaya, ta amsa tambaya uku. "Responsible for" abin da ke wuyanka ne, "responsible to" kuwa wanda kake amsa wa. Harafi kaɗan ya raba su amma ma'anar ta yi hannun riga. Kuma aikatau da ya biyo bayan "for" sai ya ɗauki "-ing": "I'm responsible for hiring", ba "for hire" ba, ba kuma "to hire" ba. "In charge of" ta fi ƙarfi, tana nuna kai ne mai faɗa a ji a wurin, don haka kada ka yi amfani da ita a kan abin da kake taimakawa kawai. A nan "I'm involved in" ko "I deal with" ta fi dacewa. Sai "sign off on", wato amincewar ƙarshe. Ga mai sayarwa, babu tambayar da ta kai "Who signs off on the budget?" daraja.

Ga yadda irin wannan hira kan gudana tsakanin mutum biyu da suka haɗu a baje kolin masana'antu:

"So, what do you do?"

"I'm with a medical equipment firm. I look after sales for the Gulf region."

"Is that a big team?"

"Eight people. I report to the commercial director in Dubai. And you?"

"I'm in procurement at a hospital group. I shortlist suppliers, but our CFO signs off on anything large."

Duba da kyau, babu wanda ya faɗi cikakken muƙaminsa a cikinsu, amma kowa ya san matsayin ɗan'uwansa. Na farko ya san cewa wannan mutum zai iya shigar da shi jerin waɗanda za a duba, amma ba shi ne zai yanke hukunci ba. Ka kuma lura da "And you?" ɗin nan. Masu koyo da yawa sukan shagala da shirya amsarsu har su manta su mayar da tambaya, sai hirar ta koma kamar ta ɗan sanda da wanda ake tuhuma. "I look after" da "I'm with" su ne irin maganar da ake yi a baki. "I am the holder of the position of" sai a takardar neman aiki, can ma ta yi nauyi.

Furuci ma yana da nasa tarkon. Taƙaitattun sunaye irin su CEO da CFO da HR harafi-harafi ake kiransu, kuma ƙarfin murya a harafin ƙarshe yake sauka. Ga mai Hausa a baki, raba sautin "p" da "f" da "v" yana buƙatar horo na musamman, kuma kalmomin wannan fage cike suke da su: "staff", "profit", "chief financial officer", "supervisor", "vice president". "Personnel", ma'aikata, ƙarfinta a gaɓar ƙarshe yake, "personal" kuwa a ta farko. In ka musanya su, sashen ma'aikata ya koma sashen sirrin mutum. "Staff" jama'a ce, ba a cewa "a staff" ga mutum ɗaya a Turancin da ake amfani da shi tsakanin ƙasashe, sai dai "a member of staff" ko "an employee". "Headquarters" kuma kullum da "s" take, ko da gini ɗaya ne. Amma kada wannan ya hana ka buɗe baki. Mafi yawan waɗanda za ka yi kasuwanci da su da Turanci su ma koyonsa suka yi, Baturke ne ko Ba'indiye ko ɗan Koriya, kuma abin da ya dame su shi ne su gane ka, ba ka yi magana kamar ɗan Landan ba.

Batun kiran suna yana ba wasu nauyi. A yawancin kamfanonin Amurka da Birtaniya da sunan yanka ake kiran shugaba, ko da CEO ne, kuma yawan "sir" na iya sa a ga kamar kana nesanta kanka. A kamfanonin Japan da Jamus kuwa sunan iyali da laƙabin girmamawa sun fi ƙarfi, ko da Turanci ake yi. Dabara mai sauƙi ita ce ka fara da "Mr" ko "Ms" da sunan iyali, ka saurari yadda mutum ya gabatar da kansa ko ya sa hannu a wasiƙar imel. In ya ce "Please, call me Anna", to ka kira ta Anna, kada ka ci gaba da "madam".

Kayan koyo kuwa kyauta suke. Duk kamfanin da ke kasuwar hannun jari yana wallafa rahoton shekara a shafinsa na intanet, kuma a ciki akwai sunayen mambobin hukuma, da manyan jami'ai, da bayanin ɓangarorin kamfani, cikin ainihin Turancin da ake amfani da shi. Ɗauki na kamfanin Birtaniya ɗaya da na Amurka ɗaya ka gwada su, za ka ga bambancin "director" da idonka. Tallace-tallacen guraben aiki ma makaranta ne, domin kusan kowanne yana da layin da ke cewa "reporting to" da jerin da ya fara da "you will be responsible for". Bayan ka karanta, rufe takardar ka bayyana tsarin kamfanin da baki, da ƙarfi, kamar kana yi wa sabon ma'aikaci bayani. Sannan ka yi haka da wurin aikinka: jimla huɗu ko biyar, wa kake yi wa aiki, a wane sashe, me ke hannunka, wa kake amsa wa, su wa ke amsa maka. Naɗi muryarka a waya ka saurara, ka gyara, har ta daina fita kamar hadda.

In kuma aka ambaci muƙamin da ba ka taɓa ji ba, irin su "Head of People" ko "Chief of Staff" ko "Principal", matambayi ba ya ɓata. "What does that involve?" tana sa mutum ya bayyana aikinsa da kansa, kuma yawancin mutane suna jin daɗin a yi musu ita. "Where does that sit in the organisation?" tana fito da matsayinsa ba tare da ka tambaye shi girmansa ƙiri-ƙiri ba. In kana son sanin ko shi ne mai yanke hukunci, kada ka ce "Are you the decision maker?", domin tana iya sosa masa rai in ba shi ba ne. Ka ce "Who else needs to be involved in this decision?" Zai ambaci sunan wanda ke sama da shi ba tare da ya ji an rage masa daraja ba, kai kuma ka san wanda za ka saka a wasiƙarka ta gaba.